Kashi Na Ɗari Biyu Da Sha Huɗu

Shekara talatin da ɗaya aka yi ana nuna Ayarin Taurari a talabijin, ranar Asabar ƙarfe biyar na yamma, rabin shekara ana yi, rabi ana hutu. Labarin wani jirgi ne da ya baro duniyar da ƙishi ya kashe, ɗauke da mutum dubu da buhunan iri, yana yawo tsakanin taurari yana neman inda ke da ruwa. Har aka rufe shirin bai samu ba. Duk duniyar da ya sauka, ramin fasa dutse ɗaya ne na bayan gari, sai dai yau a sa wa kyamara jan gilashi, gobe a sa rawaya. Dodannin da ke tare wa jirgin hanya 'yan wasa ne cikin rigar roba, kuma sau goma sha ɗaya an ga agogo a hannun dodo.

Malam Kundi ne ya ƙirga agogunan.

Tsohon malamin labarin ƙasa ne, wanda ya yi ritaya ba tare da ɗalibi ɗaya ya riƙe sunan kogi ɗaya daga bakinsa ba. Sunan Kundi ba a makaranta ya samo shi ba. Ya samo shi ne daga littattafai takwas da ya rubuta, Jagoran Ayarin Taurari, kowane juzu'i kashi ɗari, na ƙarshe da ɗoriya. Tun kashin farko yake zama gaban akwatin talabijin da littafin rubutu a cinya da agogon tsere a hannu, sai ka ce alƙalin wasa. Kowane kashi da shafinsa: lamba, kwanan wata, minti da daƙiƙa, abin da ya faru, kurakuran da aka tafka, sannan taurari daga ɗaya zuwa biyar. Biyar ɗin sau uku kacal ya taɓa bayarwa.

Gidan talabijin bai taɓa sa wa kashi lamba ba. Kaset ɗin shekara goma na farko kuwa goge su suka yi, suka ɗora jawabai da tallar sabulu a kai. Don haka duk abin da aka sani game da waɗancan shekaru, a littafin Kundi aka san shi. Shi ya ce kashi ɗari takwas da sha biyu ne, aka yarda. Ranar da ƙirgensa ya kai ɗari takwas, gidan talabijin har kek ya yanka. A bangon kowane juzu'i an buga da manyan haruffa: GANI YA KORI JI. A ƙasa da ƙanana: Marubucin ya kalli kowane kashi da idonsa.

Bayan an rufe shirin, wani kamfanin buga littattafai ya ga akwai sauran ɓargo a ƙashin. Za su fitar da babban jagora guda ɗaya, mai bango mai tauri da hotuna masu launi, wanda zai haɗe komai, daga shi ba wani. Suka turo Edita, wata matashiya mai tabarau da ba ta taɓa kallon minti biyar na Ayari ba, kuma ba ta ɓoyewa. Aikinta ta zaɓi wanda sunansa zai hau bangon. Da duniya na da kunya, da ba maganar zaɓi. To amma akwai Injiniya.

Injiniya mai gyaran talabijin ne, injiniyancinsa bai wuce marin akwati a gefe ba. Shekara ashirin yana riƙe wa Kundi jaka a taron ƙungiyar masu kallo, yana "ranka ya daɗe" har ƙasa. Kwatsam sai ga shi da nasa littafin, Sabon Jagora, juzu'i uku a takarda shara-shara. Kundi ya samo su, ya zauna da jan biro. Yaron, don haka yake kiransa duk da furfurar da ta cinye masa gemu, ya kwashe komai. Inda Kundi ya ce jirgin ya sauka, shi ya ce jirgin ya dira. Iyakar gumin da ya yi ke nan. Amma nasa aka fi so, don akwai hotuna, kuma yana rabon taurari biyar kamar alewa.

Edita ta ce ranar Asabar za ta zo taron ƙungiya, ta ji ta bakin kowa, ta yanke hukunci. Kundi ko a jikinsa. Yana da abin da zai gama da yaron, shekara goma sha bakwai yana ajiye.

Kashi na ɗari biyu da sha huɗu bai gan shi ba.

Ranar ce matarsa ta tashi da naƙudar 'yarsu ta fari. Ya tambaye ta ko abin zai iya jira zuwa ƙarfe shida, kallon da ta yi masa ya sa ya fita neman tasi. A asibiti aka miƙa masa takarda aka tura shi kantin magani, ya zaga uku kafin ya samu, ya dawo an riga an shiga da ita. Shafin wannan rana ya zauna fari, sai kwanan wata a sama. Bai tambayi kowa abin da aka nuna ba. Wa zai tambaya? Kundi ake tambaya. Bayan shekara shida da ya zo haɗa juzu'i na uku, farin shafin ya tsaya masa a maƙoshi, ga alƙawarin nan an riga an buga a bango biyu. Wata safiya ya zauna ya cike shafin daga kansa, ya ba shi minti ashirin da huɗu da daƙiƙa goma, ya ba shi taurari biyar. Ba wanda ya yi ko tari.

Da shekaru suka tura sai ya daina kiran abin ƙarya, ko a zuciyarsa. Tarko ne. Masu zana taswira suna yi, su dasa ƙauyen da babu shi don kama ɓarawon aiki, shi da ya koyar da taswira ya sani. Tarko ya ɗana, kuma ga Injiniya a ciki har wuya, a shafi na casa'in da ɗaya na Sabon Jagora.

Safiyar Asabar ya fito falo da kwalin takalmi mai ɗauke da tsofaffin littattafan rubutunsa. Matarsa tela ce, rabin falon nata ne: keken ɗinki, ƙyallaye, rigunan mutane rataye a ƙusa. Ƙafar keken ɗaya ta gaza, juzu'i na biyar ne ke tokare da ita. Akwai sauran kwali huɗu na irinsa a ƙarƙashin gado.

"Maman yara, yau zan binne yaron nan."

"Allah ya ji ƙansa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da me?"

Ya gaya mata. Karo na farko ke nan da ya faɗa wa wani mahaluki, kuma ya so ta ajiye almakashi. Ba ta ajiye ba.

"Wato za ka tsaya gaban jama'a ka ce kai maƙaryaci ne, don su gane shi ɓarawo ne."

"Tarko ne."

"Tarkon da mai shi ke zaune a ciki." Ta ciji zare. "Malam, in za ka haƙa ramin mugunta..."

"Na san ƙarshen maganar."

"Ranar da kake faɗa ɗin nan, ai ni ina..."

"Ke kina ɗakin haihuwa. Me kika sani game da Ayari? Shekara talatin ba ki bambance jirgin da tukunyar shayi ba."

"Haka ne," ta ce. "Ka taho mini da baƙin zare in za ka dawo." Ta taka keke.

Ƙungiyar na taro a saman wani kantin kujeru, ɗaki mai warin fenti da fanka ɗaya mai kuka. Fasinjoji suke kiran kansu. Har da Kundi su goma sha tara suka rage, ƙaraminsu ya haura hamsin. Ciyaman, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya zo da hular Madugu, shugaban jirgin, wadda ya haɗa da kwali da takardar azurfa, ta lotsa a gefe. Ya buga tebur.

"Ruwa na gaba!"

"Mu isa lafiya!" suka amsa, manya da su, masu jikoki.

Edita ta duba wayarta.

Injiniya ya taso da sauri, hannu biyu a gaba. "Ranka ya daɗe, kawo kwalin in riƙe maka."

"Riƙe abin da ka riga ka ɗauka."

Injiniya aka fara ba wa dama. Ya yi alƙawarin hotuna, ya yi alƙawarin manyan haruffa saboda idanun fasinjoji sun fara gajiya, ya ce zai sa sunan kowane ɗan ƙungiya a shafin godiya. A nan aka fi tafi. Sannan Kundi ya miƙe, ya ajiye kwalinsa a tebur.

"Ba ni da dogon jawabi. Roƙo ɗaya nake yi. Yaro ya karanta mana kashi na ɗari biyu da sha huɗu daga littafinsa."

Ɗakin ya yi ajiyar zuciya. "Bayan Ƙofa," in ji Anti Sakatariya, tsohuwar shugabar makaranta da ke rubuta bayanan taro. Sunan kashin ke nan. Ta dafa ƙirji.

Injiniya ya gyara murya ya karanta. Injin jirgin yana mutuwa. Matuƙiya ta shiga ɗakin injin ita kaɗai ta kulle daga ciki. Ba dodo, ba ramin dutse, ba harbi. Madugu ne kawai a dogon baranda, gaban wata koriyar ƙofa mai zagayayyar taga, yana kai-kawo tun farkon kashin har ƙarshe, riƙe da wani ƙunshi da aka aike shi ya kawo, wanda ba wanda ya fito karɓa. Tara, mutum-mutumin jirgin, yana tsaye yana ƙirga masa taku. "Madugu, taku dubu huɗu ka yi, ƙofar ba ta matso ba." "Na sani." "To me ya sa kake tafiya?" "In na tsaya zan ji." A daƙiƙar ƙarshe sai wani siririn kuka ya fito daga ciki, kamar na kyanwa. Injin ya tashi.

Anti Sakatariya ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi. Har Edita ta ɗago daga wayarta.

"Yaro," in ji Kundi a hankali, "ka ga wannan kashi?"

"Haba, ranka ya daɗe. Wa bai gani ba?"

"Da idonka?"

"Da idona biyu. Lokacin ina koyon gyara a shagon maigidana. Akwati shida a jere, a duka shidan na gan shi."

Kundi ya buɗe kwalin, ya zaro littafi mai lamba tara a bango, ya buɗe, ya ɗaga sama, yana juya shi dama da hagu kamar yadda yake nuna wa ɗalibai taswira. Farin shafi, kwanan wata kawai.

"Ƙarya kake. Ba ka gani ba, don ba haka aka nuna ba. Ni na ƙirƙire shi. Ƙofar tawa ce, takun nawa ne, kyanwar ma tawa ce. Tarko na ɗana wa ɓarayin aiki, ga shi ya kama ɓera mai gemu. Malama Edita, ga mutumin da ke son sunansa a bango."

Ya zauna. Shekara goma sha bakwai yana hango wannan lokaci: shiru, sannan kowa ya juya ya dubi Injiniya. Shirun an yi. Amma shi aka juyo aka duba.

"Malam Kundi," in ji Anti Sakatariya, da muryar da take kiran yaro mai laifi gaban ofis, "ni na ga Bayan Ƙofa. Mahaifiyata ta zo mini kwana biyu, muna zaune tare, har tukunya ta ƙone a wuta ba mu sani ba. Ko ita ma kai ka ƙirƙire ta?"

"Anti, a littafina kika karanta."

"Tukunyar ma a littafinka na karanta?"

Baba Direba, wanda ya yi shekara arba'in yana jan bas, ya buga sandarsa a ƙasa. "Ni mota na ajiye a bakin titi da fasinjoji a ciki, na shiga shagon aski na kalla a tsaye. Suna ta zagina. Da Madugu ya ce in na tsaya zan ji, wallahi wanzamin sai da ya yanki mutum."

"Kiɗan fa?" wani ya ce daga baya. "Kun tuna kiɗan?"

Mutum uku suka fara rera kiɗan, kowa da nasa, kuma kowa ya gyaɗa wa ɗan'uwansa kai.

Kundi ya miƙe. "Babu kiɗa! Ban rubuta kiɗa ba!"

"Ka ji ko," in ji Baba Direba. "Ashe akwai abin da muka gani da ba ya cikin littafin naka."

Ciyaman ya gyara hularsa ta kwali, ya jawo juzu'i na takwas daga kan tebur, ya lashi yatsa. "Kashi na ɗari bakwai da arba'in da uku. Wannan kam akwai kaset, kowa na iya kallo. Tara ya dubi Madugu ya ce, ka tuna ranar da ka yi taku dubu huɗu? Ga shi da rubutunka, Malam, har ka sa a ƙasa: duba kashi na ɗari biyu da sha huɗu."

"Yaran da suka rubuta wannan ba a haife su ba lokacin! Littafina suka buɗe suka ɗauka, ba su da wani wurin dubawa!"

"Wato gidan talabijin ma kai yake kwafa," in ji Ciyaman.

Aka fashe da dariya. Gaskiya ce tsagwaronta, kuma ita ce abu mafi kama da hauka da aka taɓa faɗa a ɗakin.

Edita ta ɗaga biro. Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi muni ke nan.

"Baba, ni ban san shirin ba, ka taimake ni. Waccan Asabar ɗin kana ina?"

"Asibiti. An yi mini haihuwa."

"Barka. Wato ba ka kalla ba."

"Abin da nake faɗa ke nan!"

Ta juyo da juzu'i na takwas, ta sa yatsa a ƙarƙashin ƙananan haruffan bangon. Ba ta karanta ba, kowa ya haddace. "To in ba ka kalla ba, ta yaya ka san ba haka aka nuna ba?"

Kundi ya rufe farin shafin. Fanka ta yi ta kukanta.

"Abu biyu ne, Baba. Ko ka yi ƙarya a littafi, ko yanzu kake yi. Wanne zan kai wa shugabana?"

Injiniya ne ya taso ya cece shi, irin ceton da ya fi duka ciwo. Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai. "Jama'a, a yi wa Malam uzuri. Ubanmu ne a wannan harka, kuma girma ya zo. Bai gani ba, ya faɗa da bakinsa, wannan ma jarumta ce. Amma ya ji daga waɗanda suka gani, ya rubuta daidai gwargwado, shekaru suka sa ya ɗauka daga kansa ya fito. Ina jin ma ni na ba shi labarin, ina riƙe masa jaka a hanya."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Anti Sakatariya. "Ɗan halak."

Aka ce wanda ya ga kashin ya ɗaga hannu. Sha takwas. Edita ta rubuta abu ɗaya gajere, ta rufe littafinta. Ciyaman ya ce ruwa na gaba, aka ce mu isa lafiya. Kundi ya sauko da kwalinsa shi kaɗai, ya ratsa tsakanin kujerun sayarwa da ledarsu a jiki. Wannan karon ba wanda ya ce kawo in riƙe maka.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Keke na tafiya.

"Ina zarena?"

"Na manta."

"To wa aka binne?"

Ya zauna a kan rigar wani, ta janye ta daga ƙarƙashinsa. Ya ba ta labari a gajarce, yana duban bango. Da ya zo kan akwati shida sai keken ya tsaya.

"Mutum nawa suka ce sun gani?"

"Sha takwas."

Ta yi dariya har sai da ta kifa kai a kan keken. Shekara da shekaru bai ji ta yi irin wannan ba, kuma bai ji daɗinta ba.

"Malam, ranar ba a nuna komai ba."

"Kamar yaya?"

"Akwai talabijin a ɗakin da aka fara kwantar da mu, a saman ƙofa. Da aka tura ka sayen magani ina kwance ina kallonsa, don daga shi sai silin. Biyar ta yi, na ce to, bari in ga abin da mutumin nan ke so in jira. Sai wata mata ta fito ta ba da haƙuri, ta ce yau babu Ayari, ƙwallo za a sa. Ƙwallo aka sa. Ungozoma tana duba ni tana tsaki, wai an ci su biyu."

Kundi ya fara ƙirge da yatsu. Ba maganarta yake juyawa ba, lambobi ne suka fara zubewa a kansa ɗaya bayan ɗaya. In babu ɗari biyu da sha huɗu, to na gaba da shi ne ɗari biyu da sha huɗu. Haka har ƙarshe. Juzu'i shida, kowane shafi da lambar maƙwabcinsa. Ɗari takwas da sha ɗaya ne, ba sha biyu ba. Kek ɗin ma mako guda aka yi gaggawar yankawa.

"Shekara ashirin da uku! Ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Yau da safe ma na buɗe baki ka rufe mini. Ai Kundi ake tambaya."

Ya miƙe yana laluben aljihu. "Zan kira Edita. Yanzu ina da hujja. Ba wanda ya gani, don babu abin gani!"

"Ka ce mata wa ya faɗa? Matarka, tana naƙuda? Mutum sha takwas sun gani, ɗaya a akwati shida. Har tukunya ta ƙone."

Ya tsaya da waya a hannu. Ya mayar da ita aljihu.

Ta zare ƙyalle daga ƙarƙashin allura, ta karkaɗe. "Na karanta shafin, ai. Kafin na biyar, na uku ne a ƙarƙashin keken nan. Ƙofar ɗakin haihuwa ce, koriya, mai zagayayyar taga. Ƙunshin kuma maganin da ka kawo bayan an gama da shi. Da ka ce mini kai ma ka ji jiki ranar, da na ce maka sannu. Sai ka ɗauka ka ba Madugu." Ta sa sabon ƙyalle. "Duk rubuce-rubucenka shi kaɗai na kai ƙarshensa. Gobe ka taho da zaren."

Bayan wata takwas babban jagoran ya fito. Kundi bai koma taro ba, ba kuma wanda ya zo biko. Sau uku ya wuce ta gaban kantin littattafai da hantsi, wai hanya ce ta biyo da shi. A na huɗu ya shiga. An jera su a tebur kusa da ƙofa, bango mai tauri, sunan Injiniya da ruwan zinariya, a ƙasa an rubuta: Daga bakin waɗanda suka gani.

Bai duba farko ba, bai duba ƙarshe ba. Kashi na ɗari biyu da sha huɗu shafi biyu aka ba shi. Masu kallo sun zaɓe shi kashi mafi kyau a tarihin shirin. An jingina shi ga marubucin farko na Ayari, wanda ya daɗe a kabari ba zai musa ba. Tunda babu kaset, an sa mai zane ya zana Madugu a baranda, kansa a sunkuye. Taku dubu huɗun na nan, kyanwar na nan. A ƙasa akwai ƙarin bayani da ƙananan haruffa: "Wani tsohon jagora ya ce ƙofar koriya ce. Wannan kuskure ne na wanda bai gani ba, kamar yadda shi da kansa ya amsa a bainar jama'a. Shuɗiya ce."

A zanen ma shuɗiya ce, shar da ita.

Kundi ya sake karanta layin. Satar ya haɗiye, ruwan zinariyar ya haɗiye, amma wannan ganganci ne, kuma shekara talatin da ɗaya bai taɓa barin kuskure ya wuce shi ba. Ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya ja layi a kan kalmar, ya rubuta a gefe da rubutunsa na gyaran jarrabawa: Koriya ce. Ni na tsaya a gabanta.

"Baba! Baba, me kake yi haka?" in ji mai kantin daga bayan kanta.

Kundi ya rufe littafin, ya ajiye shi gefe, ya ɗauki na ƙarƙashinsa. Akwai sauran goma sha huɗu a teburin.